Guɗar da Aka Goge

"Sake kunnawa..."

Muryar Khaulah rawa take yi. Hadi ya mayar da waƙar baya kaɗan, ya danna.

Kiɗa ya sake cika mata kunnuwa ta cikin ƙaton hedifon da ya ɗora mata a kan hijabi. Fiyano na tafiya a hankali, ƙahon nan na Turawa yana kuka, sai ga kalangu ya kutso tsakaninsu yana magana kamar mutum. Jama'a suka ɗau tafi. Can cikin tafin, sama da kowace murya, sai ga ta.

"Ayyiririiiiii!"

Ta fizge hedifon ta dafe ƙirji.

"Innalillahi... Hadi, ni ce!"

"Ke ce, rabin raina."

"Murmushi ma kake yi? Wallahi na shiga uku!"

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa.

Duk Bahaushen da ke Kuala Lumpur ya san guɗar Khaulah. Ba su da yawa, kuma komai nasu tare suke yi. In suna ne a unguwar Sentul, ita ake kira. In walima ce ta wanda ya gama digiri, ita ake jira. Sauran matan duk sun manta yadda ake kama hanci a rangaɗa ta, ita kuwa a wajen kakarta ta koya, har da wani ɗan lanƙwasa da take yi a ƙarshe wanda babu mai iya kwaikwaya. Ko a mafarki ka ji, ka san ita ce.

Ga ta nan kuwa raɗau a faifan bikin kiɗan jazz, wurin da Yayanta ya rantse ƙafarta ba za ta taka ba.

Yayan nata, Dakta Maitama, shi ne uba, shi ne uwa tun rasuwar iyayensu. Shi ya kawo ta Malesiya, ya sa ta digiri na biyu a jami'ar da yake koyarwa a titin Jalan Semarak. Fasfonta ma yana cikin durowarsa a kulle. Ranar da Hadi ya je gaishe shi da maganar aure, tambaya ɗaya ya yi masa.

"Ɗan wane ne kai a Kano?"

Hadi bai ɓoye ba. Babansa makaɗin mahauta ne, kakansa ma haka. Shi dai ya yi boko, ya karanci haɗa sauti, shi ke ɗaukar duk abin da aka kaɗa a bikin jazz na shekara-shekara yana mayar da shi faifai.

"Makaɗi ɗan makaɗi," in ji Yaya Maitama, ya miƙe. "Ka gaida gida."

Da Hadi ya fita ya juyo kan Khaulah. "Ranar da na ji kin je inda yaron nan yake, karatunki ya ƙare. Jirgin Kano za ki hau."

Ta yi biyayya wata da watanni. Sai ranar rufe bikin, da la'asar, ta ce za ta laburare. Niyyarta ta hango shi daga nesa kawai, ta koma. Ina ta san tsohon da ke jagorantar makaɗan zai kira Hadi daga bayan na'urorinsa, ya ce ya hau dandamali da gangar ubansa? Ina ta san hannunta zai kai hancinta ba da saninta ba? So ne ya fi ƙarfinta, ba wani abu ba.

"Yaushe za a saki faifan?" ta tambaya.

"Mako mai zuwa. Puan Rosnah, shugabar bikin, ta ce wannan waƙar za a fara saki. Guɗar ce ma ta fi burge ta, ta ce tunda aka fara bikin ba ta taɓa jin irin wannan sautin ba."

"Ka cire."

Ya mayar da idonsa kan na'urar.

"Hadi, ka cire don girman Allah!"

"Khaulah, kin san dokar wurin nan. Sama da shekara talatin ba a taɓa faifan da aka ɗauka kai-tsaye, ba a cire masa komai. Tarin da mutane ke yi yana ciki. Kukan jarirai yana ciki. Shekarar da tsawa ta katse kiɗa, tsawar tana nan a faifai har yau. Abin da mutane ke saye ke nan, cewa abin da ya faru shi suke ji."

"In ka cire me zai faru?"

"Puan ba ta yafe wannan."

Ta gane sarai. Takardar zamansa a ƙasar a wuyan aikin nan take rataye. In aka sallame shi, sai ya tattara. In kuma aka bar guɗar, ita za ta tattara. Duk ta inda ta juya bango ne.

Ya kamata ta ce ya bari. Ta buɗe baki don ta faɗa, sai fuskar Yayanta ta faɗo mata a rai.

"Don Allah, Hadi..." abin da ya fito ke nan.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauki hedifon daga cinyarta ya rataye.

"Je ki gida, Khaulatu. Bar min sauran."

* * *

Gidan Yaya yana can sama a wani dogon bene a Sentul, tagogi duk da ƙarafa. Daga ɗakinsu tana ganin jiragen ƙasa suna wucewa, kowa na tafiyarsa ban da ita. Ɗakin ma ba nata ita kaɗai ba ne. Tare suke kwana da Bilqis, ƙanwar Anti Hureira matar Yaya.

Bilqis kuwa, hmm! Ita ta fara ganin Hadi a wajen wata walima, ta yi kwalliya ta yi fari da ido har ta gaji, bawan Allah bai ma san tana yi ba. Tun ranar da ta gane inda zuciyarsa ta karkata, dariyarta da Khaulah ta koma ta fatar baki.

"Ƙawata, kwana biyu muryarki ta dishe," ta ce tana shafa mai a gaban madubi. "Ko biki kika je ba a gayyace mu ba?"

Khaulah ta kawar da ido daga madubin.

"Mura ce."

"Ayya, sannu. Murar laburare ko? Sanyin wurin nan ba kyau."

Khaulah ta juya wa bango fuska. Abinci ya daina shiga. Anti Hureira ta yi tambaya har ta haƙura, ta sa aka yo mata tapau, wato ƙunshi, na shinkafar da take so daga mamak, gidan abincin ƙasan bene, ko buɗewa ba ta yi ba. Ta rubuta wa Hadi "kar ka cire" ya fi a ƙirga, tana gogewa kafin ta tura. Ta tsani kanta, ta tsani tsoron da ke cikinta, amma ta kasa.

Ranar Laraba tana fitowa daga aji wayarta ta yi ƙara.

"An gama," in ji Hadi. "Ki ci abinci, kin ji?"

"Puan fa?"

"Ki ci abinci, masoyiyata."

"Hadi, me ta ce maka?"

"Ana kirana. Sai anjima."

Ya kashe. Ta tsaya a bakin titi, motocin haya na wucewa, hawaye na zuba. Asirinta ya rufu, amma ko ɗigon daɗi ba ta ji ba.

* * *

Ranar Asabar suna cin abincin rana, Bilqis ta ajiye cokali.

"Yaya, akwai abin da ke damuna. Na rasa yadda zan yi, amma gani na yi ɓoyewa cin amana ne."

Ta tura masa wayarta.

Ashe Bilqis bin ta ta yi ranar rufe bikin! Ga Khaulah nan a hoton bidiyo, cikin hijabinta ruwan toka, tsakiyar Turawa da 'yan Chana da Malayawa. Ga Hadi a kan dandamali, kalangu a hammata. Ga hannunta yana tashi zuwa hanci.

Guɗar ta karaɗe falon.

Anti Hureira ta saki salati. Yaya Maitama bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ban tsoro. Ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya kife wayar.

"Laburare," ya ce.

"Yaya, don Allah ka..."

"Guɗa. A gaban duniya. Wa kika yi wa guɗa, Khaulah? Angonki ne?"

Ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Har faifai za su fitar, Yaya," Bilqis ta ƙara, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tausayi. "Kowa zai ji."

"Bilqis, rufe min baki!" Anti Hureira ta daka mata tsawa. "Kin yi abin da kike so, ya isa!"

Yaya ya jawo kwamfutarsa a nan kan teburin, tsakanin kwanukan miya, ya sayi tikiti. Ya juyo da allon yadda za ta gani. Kuala Lumpur zuwa Kano, tafiya babu dawowa.

"Saura wata uku in gama, Yaya... wata uku kacal!"

"Da kin tuna da haka. Tashi ki sa hijabi. Kafin ki bar ƙasar nan sai an cire muryarki daga cikin shirmen nan, ko da kotu ne."

Ta so ta gaya masa an riga an cire. Kuka ya hana ta. Kuma me zai amfana? Hadi ya zubar da aikinsa a banza, saboda ita, saboda tsoronta.

* * *

Ofishin bikin yana unguwar Bukit Bintang, a saman wani kedai, shagon sayar da kayan kiɗa. Bangon matattakalar cike yake da hotunan makaɗa na shekaru, wasu har sun koɗe. Yaya na gaba yana huci, tana biye kamar wadda za a kai mahauta.

Puan Rosnah tsohuwa ce 'yar ƙarama, da ɗankwali da tabarau a kan hanci. Ta saurari Yaya har ya gama faɗansa da Turanci, ba ta katse shi ba. Sannan ta leƙo ta saman tabarau ta kalli Khaulah.

"Ashe ke ce mai muryar."

Khaulah ta sunkuyar da kai.

"Zauna mana, Dakta. Ka ji abin da ka zo a cire."

Ta kunna. Fiyano, ƙaho, kalangu. Tafi ya tashi. Khaulah ta runtse ido, ta san daidai inda abin yake.

Babu.

Tafi ne kawai, ya yi sama ya sauko, kiɗa ya ci gaba. Kamar ba ta taɓa zuwa wurin ba.

Yaya ya ɗaure fuska. "Ba wannan ba ce. Akwai wata."

"Ita ke nan. Babu wata, har ta asalin ya goge." Tsohuwar ta cire tabarau ta ajiye. "Ina wurin ranar, da kunnena na ji yarinyar nan. Da ya kawo min faifan na ji babu, na ce Hadi, ina sautin? Ya ce ya cire. Na ce na wane ne? Ya ce ba zai faɗa ba. Na ce ka faɗa min sunanta kawai, in je in roƙe ta da kaina, in ta yarda mu nemi yadda za a yi, ka ci gaba da aikinka. Ya ce a'a."

"Sai aka yi yaya?" muryar Yaya ta sauka.

"Sai na sallame shi. Mijina ne ya kafa dokar nan, a kanta ya rasu, ban taɓa karya ta don kowa ba. Yaron nan kamar ɗa yake a wurina, kunnensa ya fi na duk wanda na taɓa ɗauka. Amma na sallame shi. Kafin ƙarshen wata zai bar ƙasar."

Wani sauti ya ƙwace daga maƙogwaron Khaulah.

"Ni ce na sa shi! Yaya, ni ce! Ya gaya min abin da zai faru, na sani sarai, amma na roƙe shi saboda ina tsoronka!"

"Khaulah, ya isa."

"Bai isa ba! Makaɗi ne, na ji, ɗan makaɗi ne! Amma ko sunana bai bari ya fita daga bakinsa ba. 'Yar gidanmu kuma, da muke kwana ɗaki ɗaya, ita ta ɗauke ni a waya!"

Tunda take ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Puan Rosnah ba ta jin Hausa, amma ta miƙo mata hankici.

Yaya ya miƙe, ya yi wa tsohuwar godiya a taƙaice, ya fita.

A mota ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Suka maƙale a cunkoso, jirgin ƙasa mai bin gada na wucewa ta kansu. Tana jira ya yi faɗa, ko ya ce ya fasa. Haka har suka isa Sentul. Sai da ya kashe mota ya buɗe baki.

"Ki fara haɗa kayanki."

* * *

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Ya karɓe wayarta. Makaranta ma shi ya je ya yi magana da malamanta, bai gaya mata me suka ce ba. Anti Hureira ta roƙe shi har da kuka, ya ce kar a sake tayar masa da maganar. Bilqis dai aka mayar da ita ɗakin yara, ta koma shiga da fita kamar marar gaskiya, don ko yayarta ta daina amsa gaisuwarta.

Khaulah na ninke kaya tana kallon jiragen ƙasa ta tsakanin ƙarafan taga. Ba ta san ko Hadi ya tafi ba. Ba ta san ko yana jin haushinta ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ko haƙuri ba ta samu ta ba shi ba.

Ranar tafiya da hantsi Yaya ya sa aka kira motar haya. Anti Hureira ta rungume ta, ta raɗa mata, "Ki daina kukan nan haka, ƙanwata," har da wani ɗan murmushi da Khaulah ta ji haushinsa. Yau ranar murmushi ce?

A filin jirgi direba ya sauke akwatunanta. Sai ya sake sauke wata baƙar jaka.

"Wannan ba tawa ba ce," ta ce.

"Tawa ce," in ji Yaya.

Ta kalle shi. Bai kalle ta ba, ya tura kaya ya yi gaba. Ta bi shi cikin jama'a, kanta a ɗaure. Can kusa da layin awon kaya wani ya miƙe daga kan benci, doguwar riga fara, ya rame, kalangu a rataye cikin jakar fata.

Ta tsaya cak.

"Hadi..."

Hadi ya rusuna har ƙasa. "Barka da hantsi, Yaya."

"Tashi, tashi, kar ka tara min mutane." Yaya ya gyara tsayuwa, fuska a murtuke. "Bari in gaya maka a gabanta. Sana'arku ba na son ta, jiya ban so ta ba, gobe ma ba zan so ta ba."

"Na sani, Yaya."

"Amma na yi kwana da kwanaki ina neman laifinka a maganar nan, na rasa. Ni da nake yayanta tikiti na saya mata don in huce. Kai kuwa..." Ya kawar da kai. "Kai ka fi ni rufa mata asiri."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da fasfonta. Tunda ta zo ƙasar bai taɓa barin sa a hannunta ba. Ya miƙa mata.

"Na yi magana da Kawu Sharfaddeen a Kano, ya ga dangin Hadi. Juma'a mai zuwa za a ɗaura."

"Yaya... kai ma tafiya za ka yi?"

"To wa zai ba da aurenki in ba ni ba? Bilqis?"

Dariya da kuka suka haɗe mata. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa a tsakiyar filin jirgi, Malayawa na ratsewa suna kallo.

"Karatun fa sai dai haƙuri," ya ce, muryarsa ta yi laushi. "Sun ce za su ajiye miki gurbi shekara guda. Ko za ki dawo, ko ba za ki dawo ba, wannan kuma tsakaninki da mijinki. Tashi haka nan."

Ya ja akwati ya shiga layi, ya ba su baya da gangan.

Ta miƙe tana share fuska da gefen hijabi. Ta kasa haɗa ido da Hadi.

"Na raba ka da aikinka."

"Kin raba ni."

"Na raba ka da Puan, da bikin, da komai. Kuma na san abin da nake yi lokacin da na roƙe ka."

"Na san kin sani."

"Ba ka ji haushina ba?"

"Na ji," ya ce. "Ranar da na goge, na zauna a gaban na'urar na kasa tashi. Babu wanda ya taɓa yi wa kiɗana abin da kika yi, kuma da hannuna na share shi. Na ji haushinki ƙwarai, Khaulatu."

Hawayenta suka dawo sabo.

"To me ya sa ka yi?"

"Kin ce don Allah."

Ta rufe fuska da tafukanta.

"Ka yafe min, Hadi..."

"Tun a ranar."

"A Kano me za mu yi? Ba ka da aiki, ni ban gama digirin ba."

"Ban sani ba, rabin raina. Wallahi ban sani ba. Kina tsoro?"

Ta tsaya ta duba zuciyarta da gaske, don ba ta son ta sake yi masa abin da ba shi ke nan ba.

"Ina ji," ta ce. "Amma zan je."

Daga cikin layi Yaya Maitama ya waiwayo, ya ɗaga hannu a fusace.

"Ku za ku taho, ko sai jirgin ya tashi ya bar mu?"

Hadi ya ɗauki jakarta ya haɗa da tasa. Ta riƙe fasfonta gam a ƙirji, ta bi bayansa.